Ranar da Aka Karanta Manhajar Zakiyyu a Zauren Malam

Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama, yau na gida na kawo muku.

Akwai wani matashi a Hunkuyi mai suna Zakiyyu. Ya yi karatun kwamfuta a Zariya, ya dawo gida da takardar shaida, da baƙin tabarau, da wata jaka da ba ya sauke ta daga kafaɗa ko a gaban kwanon tuwo. In ka kira shi Zakiyyu sai ya yi kamar bai ji ba. Sai ka ce "Injiniya" tukuna zai waiwayo, shi ma a hankali, kamar mai ciwon wuya.

Amma a faɗi gaskiya, ya iya aikinsa. Girman kan ne dai ya ɗan fi aikin yawa.

To, manoman rake na wajen Taba suna da ƙungiya, ƙungiyar kuma tana da injin matse rake guda ɗaya tak, wanda kowa ke yin mazarƙwaila da shi. Duk wanda ya san rake ya san ba ya jira. In ka sare yau, gobe a matse, in ya yi nisa jibi. Ya wuce haka yana kwance a rana, ruwansa zai yi tsami. Ko wuni za ka yi kana dafawa ba zai daskare ba, sai dai ka tashi da wani abu mai danƙo da ko yara ba sa waiwaya.

Saboda haka duk lokacin sara sai an yi rigima a kan layin inji. Wannan ya ce shi ya riga, wancan ya ce tun makon jiya ya faɗa. Har an taɓa yin shekarar da dattawa biyu suka daina gaisawa wata uku a kan ranar Laraba ɗaya.

Sai Zakiyyu ya zauna ya haɗa manhaja. Ka ba ta sunanka da girman gonarka, ita za ta tsara layi, ta turo maka saƙo a waya, ko da ƙaramar waya ce: "Gobe ka sare, jibi layinka ne." Wallahi abin ya yi kyau. Rigima ta kwanta, har aka yi taro don gode masa.

A wurin taron ne bakinsa ya jawo masa. Ya miƙe cikin farar shadda, ya gyara tabarau, ya ce:

"Jama'a, wannan manhaja tawa buɗaɗɗiya ce! Irin wadda manyan masana na duniya ke saki. Babu ɓoye-ɓoye, ta kowa ce!"

Aka yi tafi raf-raf-raf. Babu wanda ya gane abin da yake nufi, amma yadda ya ɗaga hannu sama ya nuna abu ne babba.

Yanzu bari in gabatar muku da Hajo. Dattijuwa ce a Taba, mijinta ya rasu ya bar mata 'yan gonakin rake guda uku, ƙanana, kowace ba ta fi a zagaye ta ana hira ba. Da su take ci, da su take suturta jikokinta. Ba ta da wata sana'a bayan wannan.

Saƙo ya shigo mata, jikarta ta karanta: ta sare. Ta sa aka sare gona ta farko. Washegari da safe sai ga wani saƙo, wai an ɗaga layinta da kwana uku. Rake ya kwanta a rana ya yi tsami. Ta ce ƙaddara ce.

Bayan mako biyu aka sake cewa ta sare. Ta sare ta biyu. Aka sake ɗaga ta. Wannan karon ma ta dafa, ya ƙi daskarewa, ta juye a kwano ta rufe ta zauna tana kallon bango.

Saura gona ɗaya. In ita ma ta tafi, to shekarar ta tafi ke nan.

Hajo tana da 'yar ɗan'uwa a Makarfi, Rumaisa, malamar kwamfuta a wata makaranta. Da ta zo gaishe ta ranar Asabar ta tarar da kwanon nan, ta ji labari, sai ta ce:

"Gwaggo, sau biyu? Kuma ke kaɗai?"

"Ni dai ban ji wani yana kuka ba, 'yar nan. Wataƙila na'urar ce ba ta son tsofaffi."

"Na'ura ba ta so, ba ta ƙi, Gwaggo. Abin da aka rubuta mata shi take yi. Tun da mai ita ya ce buɗaɗɗiya ce, bari in leƙa in ga abin da aka rubuta."

Ta ciro waya ta shiga shafin manhajar a intanet. Kai jama'a! Abin da ta tarar: ƙaton hoton Zakiyyu ya harɗe hannu, ya jingina da motar da ba tasa ba. A ƙasa wurin da za ka danna ka sauke manhajar. A can ƙasa kuma, da manyan baƙaƙe, an rubuta: "Dukkan haƙƙi na Injiniya ne." Kod kuwa, wato ainihin rubutun umarnin da manhaja ke bi, ko layi ɗaya babu.

Ranar Lahadi ta same shi a ƙofar shagon cajin waya inda yake zama yana ba mutane labarin Zariya. Suka gaisa. Ta ce:

"Injiniya, na duba shafinka ban ga kod ba."

"Ai kyauta ce. Ki sauke kawai, ko sisi ba za ki biya ba."

"Na san kyauta ce. Kai ka ce buɗaɗɗiya ce. Kyauta daban, buɗewa daban. In ka ba ni kunu a kofi, kyauta ka yi min, na gode. Amma ban san me ka zuba a ciki ba, kuma in ya yi gishiri ba ni da yadda zan yi."

Zakiyyu ya sauke tabarau zuwa kan hanci ya dube ta.

"Malama, abin nan yana da zurfi fa. Ba irin na 'yan aji ba ne."

"To ka bar ni in nutse, ni na jawo wa kaina. Gwaggona Hajo an ɗaga ta sau biyu bayan ta sare. Akwai kuskure a ciki. Ka sa kod ɗin a fili, ka rubuta izinin cewa kowa zai iya dubawa ya gyara ya ba wani, ni zan nemo maka inda yake."

"Manhajata ba ta kuskure. Wataƙila tsohuwar ce ba ta iya duba saƙo ba."

"Jikarta ke karanta mata, 'yar aji biyar ce."

"To... zan turo miki. Sai na ɗan share shi tukuna, bai yi shirin fita ba."

Ranar Litinin ya turo mata. Kun san me ya turo? Hotuna uku da ya ɗauki fuskar kwamfutarsa da waya. Ɗaya ya yi duhu, ɗaya a karkace, na ukun kuwa rabinsa babban yatsansa ne. A ƙasa ya rubuta: "Ga shi nan, a buɗe."

Ranar Talata saƙo ya shigo wa Hajo: ta sare, Alhamis layinta. Rumaisa ta kira Zakiyyu ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata ɗari bisa ɗari, har da cewa ta daina ɗaga wa tsohuwa hankali. Hajo ta yi bisimilla ta sa aka sare gonar ƙarshe.

Laraba da sassafe, ƙit! Saƙo: an ɗaga layinta zuwa Lahadi.

Hajo ba ta yi kuka ba. Ta je ta tsaya a kan tarin raken ta fara jawo ganye tana lulluɓe shi don rana. Ni wallahi duk lokacin da na tuna wannan wuri sai raina ya ɓaci.

Rumaisa ba ta koma wurin Zakiyyu ba. Ta san garin. Ta hau mashin ta wuce gidan ƙanin mahaifinsa, Malam Muhammadu Auwalu, wanda shi ya riƙe Zakiyyu tun yana ƙarami. Malamin zaure ne, gidansu gidan rubutu ne tun kaka da kakanni, har yau da tawada da alƙalamin kara yake kwafar littafi. Ta shiga ciki ta gaida uwargida, aka yi mata iso, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Aka gaisa, aka tambayi mutanen Makarfi ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi makaranta da ɗalibai, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Malam ya saurara har ta gama. Ya ce:

"Tsaya in gane, 'yata. Shi wannan abu, rubutu ne a cikinsa?"

"Rubutu ne, Allah gafarta Malam."

"Kuma ya ce wa jama'a na kowa ne, amma rubutun yana jakarsa?"

"Haka ne."

"A kira min Zakiyyu."

Zakiyyu ya zo. Tun daga waje ya cire tabarau ya tura aljihu, don ya san inda ya zo. Malam ya jawo wata tsohuwar gafaka, ya zaro littafi rubutun hannu, ya juya zuwa warƙar ƙarshe ya miƙa masa.

"Karanta min abin da kakanka ya rubuta a nan, ka fassara."

Zakiyyu ya karanta yana inda-inda: "An gama wannan kwafi da hannun Abdurra'uf. Na ɗauko shi daga kwafin malamina. Duk wanda ya so ya kwafa, na yarje masa. Wanda ya ga kuskure ya gyara, kada ya zage ni, ya yi min addu'a."

"To ka ji. Mutumin da ya fi ka karatu nesa ba kusa ba, ya faɗi inda ya ɗauko, ya ba da izini a rubuce, ya kuma yarda zai iya yin kuskure. Kai naka ina warƙar ƙarshensa?"

"Baffa, ai wannan fasahar zamani ce, ba ɗaya ba ne da..."

"Rubutu ne ko ba rubutu ba ne?"

"Rubutu ne."

"A gidan nan ba a sakin kwafi sai an yi masa muƙabala. Ɗaya na karantawa da ƙarfi, ɗaya na bi da ido, jama'a na ji. Bayan azahar za a yi wa naka. A sanar da 'yan ƙungiya."

Zakiyyu ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Ya ce batirin kwamfutar ya mutu. Malam ya ce akwai sola a masallaci. Ya ce rubutun ƙanana ne, dattawa ba za su gani ba. Rumaisa ta ce ta zo da majigin makaranta a jaka. Ya dube ta, ta dube shi, ta ce, "Ai na san abin yana da zurfi, shi ya sa na yi shiri."

Bayan azahar zaure ya cika maƙil. Manoma sun zauna sahu-sahu. Hajo da wasu mata suna kan tabarma ta wajen ƙofar cikin gida. A gaba kuma ga Alhaji Tukur, wanda ya fi kowa yawan gonakin rake, ya baza babbar riga. Kowa ya san shekarar nan bai taɓa jiran layi ba. Ya sha faɗa a majalisa cewa albarkar sadakar ƙosan da yake yi duk Juma'a ce. Kowa kuma ya san yana da 'ya, Firdausi, wadda Zakiyyu ke yawan bi ta layinsu ba gaira ba dalili.

Aka haska rubutu a bango. Malam ya ce Zakiyyu ya karanta, Rumaisa ta bi, duk inda Turanci ne ta mayar da Hausa.

Ba a yi nisa ba Rumaisa ta ɗaga hannu.

"Injiniya, me ya kawo kwandon tumatir cikin manhajar rake? Ga shi nan, ga shi nan kuma. Nan ma an ce motar Ikara."

Zakiyyu ya ce ƙawa ce kawai irin ta masana. Rumaisa ta ɗan latsa wayarta, ta ɗago.

"Allah gafarta Malam, na samo asalinta. Wani bawan Allah ne a Ikara, Abdulrahman, ya rubuta ta don layin motocin ɗaukar tumatir. Ya sake ta a fili da lasisi, wato takardar izini. Ya ce kowa ya ɗauka ya canza yadda ya so, da sharaɗi biyu: a bar sunansa, kuma wanda ya gyara ya raba wa mutane, ya saki nasa rubutun shi ma."

"Ina sunan nasa a nan?" in ji Malam.

"An goge."

Malam ya juya ya dubi Zakiyyu, kallon da ya fi bulala.

"Ka ɗauki karatun mutum ka kankare sunansa?"

"Baffa, ai na yi aiki sosai a kai. Na canza fiye da rabi."

"Rabin da ka canza naka ne, Allah Ya yi albarka. Ɗaya rabin fa, gadonsa ka ci? Ci gaba."

To jama'a, masu rubuta manhaja suna da wata ɗabi'a. Sukan bar wa kansu 'yan bayanai a gefen kod don tunawa, na'ura ba ta karanta su, mutum ne kawai ke gani. Shi Zakiyyu da Hausa tsantsa ya rubuta nasa, don ya tabbata har abada babu idon da zai gan su sai nasa.

Ya iso wani wuri ya tsaya. Ya yi tari. Ya ce nan ba shi da muhimmanci.

"Ɗaga murya," in ji Malam.

"Idan... idan Yahuza ne, a ba shi ƙarfe ɗaya na rana."

"Akwai saura a gefe," in ji Rumaisa.

"...Tun da ya ce min mai gyaran waya."

Wani dogon mutum ya zabura daga baya. Yahuza ke nan.

"La'ilaha illallahu! Shi ya sa! Shekara guda ina gasuwa a gaban wuta da tsakar rana, har matata na cewa na yi baƙi! Ashe kai ne? To ba gyaran wayar kake ba? Ba kai ka gyara min tawa ba?"

Zaure ya kwashe da dariya. Alhaji Tukur har da buga cinya, yana cewa, "Kai, yaran zamani! Ci gaba, ɗana, ci gaba, mu ji na wa ke biye."

Zakiyyu ya dube shi kamar zai yi kuka.

"Baba Alhaji, da dai an tsaya nan."

"A'a, karanta mana! Ai abin daɗi ne."

Zakiyyu ya mayar da ido kan bango. Gumi ya jiƙa wuyan shaddar nan. Ya karanta da wata 'yar siririyar murya:

"Idan Baban Firdausi ya nemi layi, a ba shi gobe-goben nan."

Kowa ya juya ya dubi Alhaji Tukur.

"Gefe," in ji Rumaisa.

"...Allah Ya sa a ba ni."

Wayyo! Zaure ya kece. Wani tsoho ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Yahuza ya manta da nasa ciwon, yana nuna Alhaji yana cewa, "Alhaji, ashe ba ƙosan ba ne!" Alhaji Tukur kuwa bakinsa a buɗe, ya rasa inda zai sa fuskarsa, sai jan gemu yake yana salati.

Malam bai yi dariya ba. Ya bari aka lafa, sannan ya ce:

"In an ba shi gobe, ai da mai goben. Shi ina ake kai shi?"

Rumaisa ta nuna layi na gaba da tsinken tsintsiya.

"Ga shi nan, Allah gafarta Malam. An ce a ɗauki mai gona mafi ƙanƙanta a cikin masu layin kwanakin, a tura shi baya."

Dariya ta ɗauke ɗif. Babu wanda bai san mai gona mafi ƙanƙanta a ƙungiyar ba. Kawuna suka juya wajen ƙofar cikin gida.

Hajo ta gyara mayafinta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Zakiyyu."

Wannan karon bai jira a ce Injiniya ba. "Na'am, Iya."

"Shi Yahuza na ji laifinsa. Ni me na yi maka?"

"Wallahi Iya ba ki yi min komai ba. Ni lissafi kawai na yi, na ga ƙaramar gona ba za ta yi asara da yawa ba. Ban ma san ke ce ba."

"Ba ka ma san ni ce ba." Ta jinjina kai. "Da ka ce na taɓa zaginka, da ya fi min sauƙi."

Zakiyyu ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, don ya san da ya bar ido ɗaya kawai ya leƙa rubutun nan tun farko, da an tambaye shi abin da Baffa ya tambaya yanzu.

Alhaji Tukur ya miƙe.

"Jama'a, Allah Shi ne shaidata ban san da wannan ba. Amma raken da na matsa a ranakun baiwar Allah nan ya shiga gidana. Hajo, ki yafe ni. Gobe Alhamis ranarki ce, a mayar miki. Amalankena biyu da shanuna za su kwaso miki rake." Ya juya ga Zakiyyu. "Kai kuma, maganar da ka rubuta a gefe, mun ji. Sai an yi maka muƙabala kai ma tukuna."

Nan take aka hau gyara, kowa na gani a bango. Rumaisa ta goge layin Yahuza, ta goge na Alhaji. Sai Yahuza, mutumin da ko sunansa da boko ba ya iya rubutawa, ya ce:

"Malama, a rubuta mata cewa duk wanda aka riga aka ce ya sare, ko gwamna ne ya zo ba a ɗaga shi."

Rumaisa ta dubi Zakiyyu. Ya ce a hankali, "Wannan ya fi duk abin da na rubuta." Ya jawo kwamfuta ya sa da hannunsa.

Malam ya ce saura warƙar ƙarshe. Shi ya yi shifta, Zakiyyu na bugawa: sunan Abdulrahman na Ikara a sama, da lasisinsa yadda ya bar shi. Sannan sunan Zakiyyu da abin da ya ƙara. Sannan bayanin yadda wani gari zai ɗauka ya yi amfani da ita. Rumaisa ta sa aka ƙara wuraren da manhajar ke tuntuɓe, har da cewa in babu sabis saƙo kan makara, don kada wani ya dogara da ita ido rufe.

Zakiyyu, da zafin tuba, ya kai hannu zai tura komai da komai intanet. Rumaisa ta ce:

"Tsaya, Injiniya! Da lambobin wayar mutane za ka tura? Da na matan aure a ciki?"

Dattawa suka yi caa. Wani ya ce in lambar matarsa ta shiga duniya, shi da Zakiyyu ne. Aka ware lambobi da sunaye gefe, don su amana ce ba kod ba. Sannan aka tura. Aka cire hoton motar ma, a kan shawarar Malam.

Alhamis da hantsi inji ya tashi. Zakiyyu ne ke sauke ɗaurin rake daga amalanke, ganye na yankar masa wuya, shaddar nan ta koma kalar ƙasa. Rake ya kwana biyu, kowa zuciyarsa na ɗar-ɗar. Aka matse, aka dafa, ruwa ya yi ta tafasa har ya yi kauri ya yi ja. Aka zuba a 'yan kwanoni aka jera. Hajo ta tsuguna a gabansu.

Da ya huce ta ɗauki kwano ɗaya ta kife a tafin hannu, ta buga gindinsa. Mazarƙwaila ta faɗo dunƙule guda, da ƙarfinta. Ta ƙwanƙwasa ta da farce, ta ji ƙarar, sai a lokacin hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ko ɗaya ce ta tsira, mun ci abinci bana."

Zakiyyu ya matso ya durƙusa yana neman gafara. Ta ce ta yafe. Sannan ta kunce wani ƙullin zane da ta zo da shi daga gida. Kwanon nan ne na gona ta biyu, wanda ya ƙi daskarewa, baƙi, mai danƙo, tsaminsa na dukan hanci. Ta tsoma cokali ta cika shi ta miƙa masa.

"Iya, ai kin ce kin yafe."

"Na yafe, ɗan nan. Ba don mugunta ba ne. So nake bakinka ya san abin da hannunka ya rubuta."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya shanye, idonsa ya kawo ruwa, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya. Bai tofar ba.

Darasi: Kyauta ba ita ce buɗewa ba. Manhaja ba ta zama buɗaɗɗiya sai rubutunta yana fili cikakke, da izini a rubuce cewa kowa zai iya dubawa, ya gyara, ya ba wani. Kai mai rubutawa, in za ka saki aikinka, ka faɗi inda ka ɗauko, ka bar sunan mai shi, ka faɗi inda aikin ke da rauni, ka kare sirrin mutanen da suka ba ka amana. Kuma ka tuna duk layin da ka rubuta kai kaɗai a ɗaki, akwai wanda zai faɗa wa a gona, ko da ba ka san sunansa ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman injiniyoyin gidanku masu baƙin tabarau.